Gaisuwar Surukai

Inna tana cire takalmi a ƙofar falon surukan ta fara zubo Turancin da ta haddace, kafin tsoro ya kwashe shi.

Tun tana amarya take zaune a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, tana sayar da fura daga cikin gida, kuma Hausa ba ta taɓa gaza mata ba. Sai da ɗanta ya nemi auren wata Bayarabiya a unguwar Mokola, uwar yarinyar ta aiko cewa ba za ta ba da 'yarta gidan da ba za a iya gaisawa da ita ba. Shi ne ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta yi damina guda tana karya harshe da Turanci.

Ta gaishe da tsohuwar, uwar yarinyar, ta tambayi lafiyar gida, ta roƙi iri, duk da Turanci. Tsohuwar ta zuba mata ido kawai.

"Na yi kuskure ne?" ta raɗa wa ɗanta.

"Inna, ba ki yi ba," ya ce, kansa a ƙasa. "Mama ba ta jin Turanci. Yarabanci kawai."

Inna ta ja da baya. Ta juya tana neman takalminta.

Sai tsohuwar ta miƙe, ta kamo hannunta, ta gyara murya. Ashe ita ma ta yi damina tana ɗaukar darasin Hausa, wajen masu albasa a kasuwar Bodija.

"Kwastoma," ta ce da Hausa, "zauna. Yarinya naka ne."