Zuciyar da Jinin Bodil Ya Ƙi

"Ke dai kin shiga uku, Bodil," in ji mijinta Preben, yana cinye biskit ɗin da aka kawo mata dubiya. "Ko zuciyar mamaci ta kasa zama da ke. Ni kaɗai ne mai wannan haƙurin."

Wata biyu ke nan da aka dasa wa Bodil sabuwar zuciya a wani asibiti a birnin Aarhus, ga shi numfashi ya soma yi mata wuya. Baƙar maganar Preben kuwa ta saba da ita tun kafin 'ya'yansu biyu su yi gemu.

Likita ta shigo ta zauna a gefen gadon. Ta ce garkuwar jikin Bodil ce ke yaƙar zuciyar, amma za a tace jinin, kuma akwai kyakkyawan fata.

"Me ya jawo?" in ji Preben. "Taurin kai ko?"

"Haihuwa," in ji likita. "Wani lokaci jinin mai ciki yakan koyi yaƙar abin da jariri ya gado daga ubansa. Da alama jinin mai zuciyar nan ya yi kama da na uban yaran."

Preben ya miƙe yana huci. "Au, yanzu kuma laifina ne?"

Bodil ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara matashinta.

"Zauna, Preben. Ci biskit ɗinka. Wallahi babu hannunka a ciki ko kaɗan."