Tsarabar Mutumin Kudu

An yi wani bakanike, ɗan fari a ɗakinsu, da ya gangara kudu neman na kansa, ya shekara goma sha ɗaya bai waiwayi gida ba. Ba wai hanyar ce ta ɓace masa ba. Tun ranar da ya fita ya yi wa kansa alkawarin ba zai dawo a motar haya ba, a matse tsakanin awaki da kwandunan tumatir. Sai a tasa, kuma maƙare da kaya. Mahaifiyarsa kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in zancensa ya zama dole sai ta ce "mutumin kudu". In ya bugo waya ƙanwarsa ke ɗauka, tsohuwar tana gefe tana tsintar wake, iyakarta ta ce a tambaye shi ko ana ruwa a can. Shi kuma ya ɗauki wannan shirun a bakin izini. Tunda ba ta ce ya zo ba, ai babu gaggawa.

A shekara ta tara ya samu wata tsohuwar mota, ya sauke injinta da hannunsa, ya gyara ta har tana tashi da murɗa makulli ɗaya. Daga nan ya shiga shiri, shiri kuwa ya iya shi: safayar taya biyu, jak, sifanoni, fambel na ko-ta-kwana, jarkar mai, galan ɗin ruwa saboda lagireto, igiyar ja. Sai tsaraba. Manja, garin rogo, doya, huhun goro, rediyo na kawunsa, takalman makaranta na ɗiyar ƙanwarsa, atamfa turmi uku na tsohuwa. Ya loda, ya ɗaure, ya zauna a gaban sitiyari, sai ya tuna da wata gwaggo da bai saya wa komai ba, ya san kuwa in aka ba wannan aka tsallake waccan, maganar sai ta fi kayan nauyi. Ya kwance. Kafin ya samo na gwaggo goro ya bushe, doya ta tsiro a bayan mota, dole a sake sabo. Kafin a sake damina ta faɗi, ya ce bari hanya ta sha iska. Haka Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ƙanwar ta gaya masa Inna ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, tana tambayar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ya ce tsufa ne, ya ƙara bargo da man zafi a cikin kaya. Wata rana kuma aka ce tsohuwa ta ce a gaya wa mutumin kudu an share ɗakin da ke kusa da zaure. Wannan shi ne kira mafi ƙarfi da bakinta zai iya yi duk rayuwarta. Shi kuwa abin da ya fahimta shi ne ɗakin ba katifa, ya ɗaga tafiyar wata biyu yana neman mai kyau.

Da ya tashi tafiyar, kwana biyu kacal ta ɗauke shi. Motar ko tari ba ta yi ba, safaya ko ɗaya bai taɓa ba. Ya iso da hantsi, ya danna ham a ƙofar gida, aka fito ana sannu da zuwa ana sauke kaya. Kawu ya kurumce, ya juya rediyon a hannu ya ajiye. Yarinyar takalma ta kusa kamo shi tsawo. Bai tsaya ba ya wuce ciki, ya tarar da tsohuwar a kan tabarma a gindin bishiyar darbejiya, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ɗago ta kalle shi tsakiyar ido, ta amsa da fara'a, ta ja gaisuwar har da tambayar gajiya da iyali. A nan ya san ba lafiya ba, don tun da ta haife shi ba ta taɓa yi masa irin wannan kallon ba. Ta sa a kawo wa baƙo ruwa. Ta tambaye shi daga ina, ya ce daga kudu. Sai fuskarta ta washe, ta ce ai tana da ɗa a can, bakanike ne, ta kuma faɗi sunansa ɓaro-ɓaro, karo na farko da ya taɓa jin sa a bakinta. Sannan ta matso ta rage murya, ta ce, "In ka koma, don Allah ka ce masa ya taho haka nan. Ba sai ya riƙo komai ba."

Bai koma ba. Yana nan a ɗakin kusa da zaure, a kan katifar da ya zo da ita. Kullum da safe ya shiga gaishe ta, ta yi wa baƙo maraba, ta sake ba shi saƙon nan, ya ce to, zai gaya masa. Atamfar ta ƙi yarda a ɗinka, ta ce sai ɗanta ya zo ya ga alherin da wani bawan Allah ya yi mata. Motar kuwa tana ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Shi ya sa masu iya magana ba su ce zumunta a kaya take ba. Cewa suka yi, zumunta a ƙafa take.