Kunnen Aro a Fadamar Waun Goch

Gari bai gama wayewa ba Nesta ta tsallake katangar dutse ta shiga fadamar Waun Goch, takarda a hannu, fensir rataye a wuya. Emrys na gaba kamar kullum, da sandarsa da gorar shayi. Ta ja hular ulunta ta rufe kunnuwa ruf, ko da yake sanyin bai kai haka ba.

Tun tana da baƙin gashi aka ba ta wannan fili a ƙidayar tsuntsaye masu sheƙa da ake yi a faɗin ƙasa. Aikin sa-kai ne, kowa da filinsa. Idan lokacin sheƙa ya zo sai mutum ya yi sammako ya ratsa filin a hankali, ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. Ƙa'idar ke nan, kunnenka, ba na wani ba.

Abin alfaharin fadamar wani ɗan tsuntsu ne mai launin ƙasa da ba ya yarda a gan shi. Cikin ciyawa yake ɓuya, ba a sanin yana nan sai ta kukansa, siriri, dogo, kamar na gyare. Saboda shi aka taɓa hana wani kamfanin fasa duwatsu taɓa wurin. Kuma irin wannan siririn kuka shi ne farkon abin da kunnen tsufa ke saki.

Da Nesta ta ga kunnenta ya fara yi mata gardama, ba ta gaya wa kowa ba sai Emrys. Ai ba baƙo ba ne. Gonarsa ce ke iyaka da fadamar, aminin marigayi mijinta ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa.

"Abu mai sauƙi," in ji shi. "Ido naki, kunne nawa. Wa zai sani?"

Ta san ta taka ƙa'ida, amma ta gwammace haka da a ƙwace mata filin.

Daga nan tsuntsayen suka fara raguwa. Kowace shekara sai Emrys ya tsaya ya saurara ya faɗi abin da bai kai na bara ba, ita kuma ta rubuta, zuciyarta na ƙuna. Bara ko ɗaya ba a samu ba. Sai ga kamfanin ya dawo gaban hukumar gari, yana kafa hujja da ƙidayar Nesta da kanta. In bana ma babu, shi ke nan, za a ba su izini su yashe fadamar.

Ana cikin wannan baƙin cikin ne 'yarta Eluned ta ƙara mata wani. Ba shawara, ba komai, ta je ta gaya wa mai kula da masu ƙidaya na yankin cewa kunnen uwarta ya tafi. Mutumin ya bugo waya cikin ladabi mai ciwo, ya ce bana ce shekararta ta ƙarshe. Ita kuwa Eluned, don rashin ta-ido, har da zuwa gida ta ajiye ɗan akwatin na'urar ji a kan tebur.

"Mam, ki gwada ko sau ɗaya ne."

"Kwashe tsiyarki," in ji Nesta. "Ba kurma ce ta haife ki ba. Ki tona mini asiri a waje, sannan ki biyo ni da tsaraba?"

Eluned ta fita tana kuka, ta bar akwatin. Tun daga ranar nan Nesta ba ta sake ɗaukar wayarta ba. Cin amana ne, haka take faɗa, kuma wanda ya fi zafi, na ɗan da ka haifa.

Emrys ne kaɗai ya tsaya mata. "'Ya'yan zamani!" ya ce. "Kada ki kuskura ki sa wannan tarkacen, tsohuwa. Ƙara kawai yake yi, ya bar ki da ciwon kai. Ina raye, me za ki yi da shi?"

Yau ga su a zagaye na ƙarshe. Suka bi gefen shingen gonarsa, inda aka kakkafa jajayen turaku tun lokacin kaka. Na bututun ruwa ne, haka ya gaya mata. Nesta ta rage tafiya ta ƙare musu kallo. Layi biyu ne, daga babban titi suka taso, suka ratsa gonar Emrys, suka miƙe zuwa bakin fadama. Tsakaninsu ya isa babbar motar kwasar duwatsu ta wuce.

Ta ci gaba da tafiya. Tun da suka shigo ba ta buɗe baki ba, kuma Emrys ya ɗauka ɓacin ran Eluned ne.

A tsakiyar fadamar suka tsaya, inda suka saba. Emrys ya dogara da sandarsa, ya rufe ido, ya kai tafin hannu bayan kunne. Ya iya wannan tsayuwar. Ya juya hagu, ya juya dama, ya daɗe a haka. Nesta ba ciyawar take kallo ba, shi take kallo, hawaye na bin kumatunta.

Ya buɗe ido ya girgiza kai.

"Shiru, Nesta. Ko ɗaya. Rubuta babu."

Da ya ga hawayen sai ya yi saurin zuba mata shayi. "Yi haƙuri. Wallahi ni ma abin yana ci mini rai."

Ba ta karɓi shayin ba. Ta kai hannu ƙarƙashin hular ta taɓa ɗan abin Eluned, wanda ta maƙala da asuba don kawai ta nuna wa yarinyar cewa ba shi da amfani. Tun daga katangar dutse fadamar ke amsawa da kukan nan mai kama da na gyare, gaba da baya, kuma wanda ya fi ƙarfi yana fitowa ne daga ciyawar da ke gindin sandar Emrys.