Bokitin Malam Tanimu

Tun da hukuma ta kafa famfon da ba ya ba da ruwa sai an dangwala yatsa, bokiti ɗaya ne rabon kowa a yini. Malam Tanimu ya rasu da hantsi bai ɗebi nasa ba, ga masu wankan gawa suna jira a zaure.

"Kande, famfon nan ba ya karɓar yatsa mai sanyi," in ji Sallau, yayan mamacin.

"Kama min shi dai, Yaya."

Suka jawo gawar a kan tabarma har gindin famfo. Kande ta riƙe hannun mijinta tana murzawa, tana hura masa numfashi, sannan ta dangwala yatsansa.

Famfon ya yi jim kafin ruwa ya zubo, ya ce, "Malam Tanimu, Allah ya kai mu gobe."