Ƙofa ta Ashirin da Biyar

"Rufe ƙofa ta ashirin da biyar a babbar kwamfutarmu," in ji daraktan hukumar agaji, yana tsaye a kan ma'aikaciyar da ke kula da kwamfutocin. "Lamba ce kawai, ban da tambaya."

Ba ta tambaye shi ba, manhajar kwamfuta ta Python ta tambaya. Layi ɗaya ta rubuta, sai ga sunan abin da ke bin wannan ƙofar ta sadarwa: imel. Ta nan koken 'yan gudun hijirar sansanin Kuchigoro ke shigowa, cewa abincin agaji bai isa ba, ga masu bincike na tafe gobe.

"Oga, ba zan rufe ba."

"Kin gaji da aikin ke nan?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Sai dai ka kore ni. Ta ƙofar nan na taɓa aiko nawa koken, ina cikin tanti."