Samfuri Na Goma Sha Huɗu

Sau shida ke nan ma'aikaciyar tana murza gilashin tace haske na madubin bincike, har Dakta, shugaban ɗakin binciken, ya fara ƙosawa.

Aikin ba wani ɓoyayye ba ne. Asibiti na aiko musu da ƙwayoyin halitta daga jikin masu ciwon daji, su raya su a faranti, su zuba musu ƙurar zinare mai ɗauke da sabon magani. Da an murza gilashin sai komai ya yi baƙi ƙirin, zinaren kaɗai ke ƙyalli. In ya shige cikin ƙwayar, mai ciwon na da rabo. In ya tsaya a waje, sai haƙuri.

Shekara tara tana ƙarƙashinsa. Mai-Ido yake kiranta, don ba ta duba abu sau biyu. Samfuri goma sha uku ta gama su a yini guda, amma na sha huɗun nan kwana uku tana kansa, ta hana kowa taɓawa.

Dakta ya leƙa allon madubin. Ɗige-ɗigen haske sun kewaye ƙwayar suna karkarwa kamar ƙwari a jikin taga, ko ɗaya bai shiga ba. Ya tsufa a aikin, amma har yau tsoron wannan kallon yake ji.

"Haba Mai-Ido! Kin bar abinci, rigar aiki har ta yi miki yawa, duk a kan lamba? Ai shi ya sa ba a rubuto mana suna."

"Dakta, a ƙara masa minti goma. Wani lokacin yakan makara."

Ya ba ta ashirin. Suka zuba wa allon ido a ɗakin mai duhu, da rana tsaka, ba abin da ke motsi sai zinaren. Bai shiga ba.

Ƙa'idar wurin ita ce, in sakamako ya zo haka, shugaba ne ke buɗe ambulan ɗin da asibiti ya liƙe, ya sanar da mai ciwon da bakinsa. Wallahi ba abin da ya tsana kamar wannan. Ya yage ambulan ɗin. Lambar waya ce kawai a ciki. Ya jawo wayar tebur, ya daddanna, yana laluben kalmomi masu taushi.

Aljihun farar rigar Mai-Ido ya kawo haske, wayarta ta fara ƙara.