Mai Sumar Mana da Saba

"Umma, wannan ne mai sanƙon da zai kore ki?"

Na toshe bakin 'yata, na kasa haɗa ido da Oga. Ko murmushi bai yi ba. Sabarmu, kwamfutar da kwastomomi ke bugo wa waya su hau intanet, kullum da rana sai ta sume. Kanel, wato zuciyar manhajarta, ya tsaya cak, kowa ya faɗo daga layi.

"Ko ki gano dalili yau, ko ki ajiye makulli," in ji shi.

Na lura layin waya na uku ne ke ƙara kafin sabar ta faɗi. Abin da ke shigowa kuma ba kukan modem ba ne, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, wani sauti ne da ke cika ta har ta shaƙe. Na rantse wa Oga ɗan kutse ne. Na jona wayar tebur a layin, muka zauna jira.

Ta yi ƙara, na danna lasifika.

"Salamu alaikum. Yau ma ƙugin ne? To, ni dai zan faɗa, kya ji. Yarinyar nan ta rame..."

"Kaka ce," in ji 'yata.

Ashe maigidana ne ya ba mahaifiyarsa lambar, wai ta ofishina ce, don wayarsa ta huta. Kullum da rana take bugowa, ta ji ƙugin na'ura, ta zazzage ƙorafinta a kaina.

Oga ya shafa sanƙonsa. "Riƙe makullinki. A gaida Hajiya."

Jama'a, kada ku ba tsohuwa lambar na'ura. Na'ura ba ta da haƙurin matar ɗa.